Mai Gata da Marar Gata a Layin Neman Aiki

Karatu: Matiyu 20:1-16, Farawa 37:1-11, Yakubu 3:1-12
Ayar haddacewa: Romawa 12:15
Manufa: Mu koyi yadda mai bi zai riƙe zuciyarsa da harshensa sa'ad da neman aiki ya yi tsawo, da kuma abin da Allah yake nema daga wanda aka ba gata.

Gabatarwa



Wata Lahadi bayan an tashi daga sujada, na tarar da samarinmu biyar a bakin ƙofar majami'a sun haɗa kai a kan waya ɗaya, suna ta dariya. Da na matso suka nuna mini bidiyon wata budurwa mai ɗimbin mabiya a TikTok. Ta gama digiri, ta gama bautar ƙasa, tana zaune cikin mota mai sanyi tana hawaye, tana cewa ta yi watanni tana aika takardun neman aiki babu wanda ya kira ta. A ƙarƙashin bidiyon mutane sun yi mata ca. Wasu sun ce ta je wurin babanta, wasu sun ce ta sayar da wayar da ke hannunta ta ja jari, wasu kuma sun zage ta har da iyayenta.

Ɗaya daga cikin samarin ya nuna mini abin da shi ma ya rubuta mata. Ba zan maimaita shi a nan ba. Na ce masa, “Ɗana, da bakin da ka yi waƙar yabo yanzu ne ka faɗi wannan?” Ya ce, “Mai Bishara, shekarata huɗu da gama jami'a, keke Napep nake tuƙawa daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari. Wannan yarinyar me ta sani game da wahala?”

Ban iya ba shi amsa nan take ba, domin akwai gaskiya a maganarsa, akwai kuma zunubi a abin da ya rubuta. Wannan darasi shi ne amsar da ya kamata in ba shi.

1. Zafin da matasanmu suke ji gaskiya ne

Kada mu fara da tsawatawa kafin mu saurara. Muna zaune a garin ilimi. An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, harabar Kongo tana nan kusa da mu, ga Nuhu Bamalli, ga makarantar horar da malamai ta tarayya. Kowace shekara dubban matasa suna fitowa da takardu a hannu, amma guraben aiki ba su ƙaru yadda masu nema suka ƙaru ba. Da yawa ma ba su gama a kan lokaci ba, domin yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai ya cinye wata takwas.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 kashi 33.3 cikin ɗari na masu iya aiki ba su da aiki. A 2023 aka sauya yadda ake lissafin, har wanda ya yi aikin sa'a ɗaya a mako ya shiga cikin masu aiki. Adadin ya sauko a takarda, amma tukunya a gida ba ta sauya ba. Manya a cikinmu suna tunawa da ranar 15 ga Maris, 2014, sa'ad da dubban ɗaruruwan matasa suka biya naira 1,000 kowanne domin neman guraben Hukumar Shige da Fice da ba su kai 5,000 ba. Aka yi turmutsitsi a filin wasa na Abuja da wasu garuruwa, aka rasa rayuka. A 2016 kuma jaridu suka ba da labarin yadda aka ɗauki 'ya'yan manya aiki a Babban Bankin Nijeriya ba tare da an tallata guraben ba.

Saboda haka idan matashi ya ce a ƙasar nan sai kana da wanda ka sani, ba mafarki yake yi ba. Allah kansa ba ya son tara. Yakubu 2:1-9 ya kira nuna bambanci tsakanin mai arziki da talaka zunubi, Annabi Amos kuwa ya yi ta faɗa da masu tattake matalauta a wurin shari'a. Fushi da rashin adalci ba laifi ba ne. Tambayar ita ce, a kan wa muke sauke fushin?

2. Masu jiran aiki a kasuwa (Matiyu 20:1-16)

Yesu ya ba da misalin mai gonar inabi da ya fita da sassafe neman ma'aikata, ya yi ciniki da su a kan dinari ɗaya a yini. Ya sake fita da ƙarfe tara, da tsakar rana, da ƙarfe uku. Wajen ƙarfe biyar na yamma ya tarar da wasu har yanzu suna tsaye. Mun san irin wannan tsayuwa, domin muna ganin leburori da shebur da diga a bakin titi suna jiran wanda zai kira su aikin gini.

Ku lura da abu biyu. Na fari, da mai gonar ya tambaye su dalilin tsayuwarsu, amsarsu ita ce ba a ɗauke su ba. Bai kira su ragwaye ba, ya tura su gonarsa. Ɗan'uwa, idan ka nema iyakar ƙoƙarinka ba ka samu ba, rashin aiki ba shaida ba ce cewa Allah ya yashe ka. Wanda ya fita da ƙarfe biyar yana neman mutanen da kowa ya wuce su, yana ganinka.

Na biyu, gunaguni ya taso ne lokacin biya. Waɗanda suka fara da safe sun karɓi dinarin da aka yi alkawari, ba a rage musu kome ba. Abin da ya ɓata musu rai shi ne ganin abin da aka ba wani. Mai gonar ya tambayi ɗayansu ko alherin da ya yi wa wani ne ya sa idonsa ya zama mugu.

Kada wani ya ɗauki misalin nan ya ce Yesu ya yarda da cin zalin ma'aikata. Yana koyarwa ne a kan alherin Allah a cikin Mulkinsa. Amma ya nuna mana inda hassada take farawa: ranar da ka daina duban abin da ke hannunka ka fara ƙirga na maƙwabcinka. A dā sai ka leƙa katanga kafin ka ga abin da ke gidan wani. Yau wayarka tana kawo maka motarsa da ɗakinsa har kan tabarmarka, dare da rana. Asaf ya shaida a Zabura 73 cewa saura kaɗan ƙafarsa ta zame saboda kallon wadatar wasu, sai da ya shiga gaban Allah hankalinsa ya dawo. Karin Magana 14:30 kuwa ta kwatanta hassada da ciwon da ke cin ƙashi. Budurwar nan za ta iya kashe wayarta ta yi barci, mai hassadar ne zai kwana da ciwon.

3. Magana ga masu gata (Farawa 37)

Yanzu bari in juya ga ɗaya ɓangaren, domin a cikin ikilisiyar nan akwai 'ya'yan malaman jami'a, da na likitoci, da na hafsoshin soja. Akwai wanda kawunsa zai ɗaga waya sau ɗaya a kira shi ganawa.

Yusufu ɗan gata ne. Yana da shekara 17, mahaifinsa ya fifita shi, ya ɗinka masa riga ta musamman. Ba shi ya zaɓi wannan ba, kamar yadda babu wanda ya zaɓi gidan da aka haife shi. Amma ya riƙa ba da labarin mafarkansa a gaban 'yan'uwan da ke kiwo a rana, bai auna yadda maganar take sauka a kunnensu ba. Mai kuka cikin mota mai sanyi a gaban mutanen da ba su da kuɗin keke zuwa Samaru, haka yake yi. Kukanta gaskiya ne, domin a ƙi ka sau ashirin yana da ciwo ko kai ɗan wane ne. Sai dai ita idan ba ta samu aiki ba za ta ci abinci a gida, wani kuwa shi ake jira ya kawo abincin.

Me Allah yake nema daga mai gata? Na ɗaya, ya amince cewa an ba shi. Bulus ya tunatar da Korantiyawa (1 Korantiyawa 4:7) cewa duk abin da ke hannunsu karɓa suka yi, don haka babu wurin fahariya. Idan ka tashi ba da shaida a majami'a cewa ka samu aiki, ka gode wa Allah, amma kada ka ɓoye cewa wani ne ya yi maka hanya, har ɗan'uwan da ke bayanka ya koma gida yana zaton addu'arsa ce ba ta da ƙarfi.

Na biyu, ya san cewa za a tambaye shi. Luka 12:48 ta koya mana cewa yawan abin da aka ba mutum shi ne yawan abin da za a nema a wurinsa. Nehemiya ya yi shekara 12 yana gwamna a Yahuza bai karɓi abincin da ya cancanci gwamna ba, saboda jama'a suna cikin matsi, kuma mutum 150 suke ci a teburinsa (Nehemiya 5:14-18). Esta ta sa ranta cikin hatsari ta yi amfani da matsayinta a fada domin mutanenta. Yusufu ma daga baya ya ciyar da 'yan'uwan da suka sayar da shi. Gata amana ce.

Na uku, kada ya karɓi abin da yake hakkin wani. A gaya maka cewa akwai gurbi, wannan taimako ne. A cire sunan wanda ya ci jarrabawa a sa naka, ko a biya kuɗi a sayi takardar ɗaukar aiki, wannan sata ce, ko da an yi godiya a kanta a majami'a.

4. Yatsa ma harshe ne (Yakubu 3:1-12)

Yakubu ya kwatanta harshe da ƙaramar wuta mai cinye babban daji. Mu da muke ganin gobarar daji lokacin hunturu mun san ashana ɗaya ta isa. Ya kuma ce bai dace baki ɗaya ya yabi Allah ya kuma la'anci mutumin da aka yi cikin kamannin Allah ba. Abin da ka rubuta da yatsa a Facebook ko TikTok, Allah yana lissafa shi kamar abin da ka faɗa da baki. Yesu ya ce za a ba da lissafin maganganun banza a ranar shari'a (Matiyu 12:36), bai ware waɗanda aka rubuta da sunan ƙarya ba.

'Yan'uwan Yusufu suna da dalilin jin zafi, domin mahaifinsu ya yi son kai. Amma ba su je wurin Yakubu ba, suka jefa yaron a rami. Haka muke yi. Wanda ya sayar da guraben aiki yana zaune lafiya a ofishinsa, mu kuma mun taru a kan yarinyar da ba ta taɓa ɗaukar kowa aiki ba, ba ta kuma kori kowa ba. Bayan zagi dubu, ko gurbi ɗaya bai buɗe wa ɗan Tudun Wada ba.

Kafin ka aika magana, ka tambayi kanka: Gaskiya ce? Zan iya faɗa mata ido da ido a gaban mahaifiyata? Idan ta gane ni mai bi ne, me za ta ɗauka game da Yesu? Ana iya ce wa mutum cikin ladabi ya tuna da waɗanda ba su da abin da yake da shi. Wannan gyara ne. Zagin iyaye da yi wa hawayen mutum dariya ba gyara ba ne. Ayar haddacewarmu ta umarce mu mu shiga farin cikin wasu mu kuma shiga kukansu, ba ta ce sai mun binciki asusun bankinsu tukuna ba.

5. Abin da za mu yi a wannan mako

Mai neman aiki, kada ka raina abin da ke hannunka. Bulus masanin Attaura ne, amma ya yi sana'ar ɗinkin tanti tare da Akila da Bilkisu a Koranti (Ayyukan Manzanni 18:1-3). Tuƙin keke, da shagon POS, da ɗinki, da noma ba abin kunya ba ne. Ka ci gaba da nema, ka ƙara koyon wani abu. Idan akwai shafin da duk lokacin da ka buɗe shi zuciyarka take ɓaci, ka daina binsa.

Mai bautar ƙasa, alawus ya zama naira 77,000 tun 2025, amma wata 12 ne kawai. Ka riƙa ajiye wani abu tun watan fari.

Mai aiki ko mai sana'a, ka zaɓi matashi ɗaya a ikilisiya wanda ba danginka ba ne. Ka duba masa takardar neman aikinsa, ka sanar da shi idan ka ji an buɗe gurbi, ko ka ɗauke shi koyon sana'a.

Wanda ya san ya rubuta zagi, ya goge shi yau, ya tuba, in da hali ya nemi gafara. Saurayin da na ba ku labarinsa ya goge nasa a daren ranar. Har yanzu yana tuƙa kekensa, muna kuma ci gaba da yi masa addu'a.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Mene ne bambancin fushi da rashin adalci da kuma hassada? Yaya za ka gane wanda ke zuciyarka?
2. Wace gata kake da ita wadda wani a unguwarku ba shi da ita?
3. Yaya za mu ba da shaidar samun aiki ba tare da mun karya zuciyar masu jira ba?

Addu'a

Ya Uba, kai ne mai fita har da ƙarfe biyar na yamma domin neman waɗanda aka bari a tsaye. Ka tuna da 'ya'yanka masu takardu a hannu ba aiki, ka buɗe musu ƙofa. Ka wanke zukatanmu daga hassada da girman kai. Bari Ruhu Mai Tsarki ya tsare harshenmu da yatsunmu. Ka ba shugabannin ƙasarmu tsoronka, su raba guraben aiki da adalci. Ka sa masu hali a cikinmu su zama kamar Nehemiya. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.