Darasi Na Tara: Yi Magana A Gaban Alƙali

Ba sai an koya wa mutumin Gaya ko Ajingi mene ne kotu ba. Kun san kotun majistare, kun san kotun shari'ar Musulunci, kun san ɗaukaka ƙara. Abin da ya rage ku sani yana cikin sashe na 295 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999. Idan ana cikin shari'a a ƙaramar kotu sai tambaya ta taso kan ma'anar tsarin mulki ko yadda za a yi aiki da shi, alƙali kuma ya ga tambayar mai nauyi ce, yana iya miƙa ta ga Babbar Kotu. In ɗaya daga cikin masu shari'ar ya roƙa, miƙawar ta zama dole. Babbar Kotu ko ta tura ta Kotun Ɗaukaka Ƙara, ko ta mayar da ita da umarnin yadda za a yi. Wannan duk mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne roƙon, domin sai an buɗe baki a cikin kotu, tun shari'a ba ta ƙare ba.

A nan mutanenmu ke cutar kansu. A ce an gurfanar da magidanci bisa wata dokar ƙaramar hukuma, an kwashe masa kaya ba diyya, alhali sashe na 44 ya kare dukiyar mutum, sashe na 1 kuma ya ce dokar da ta saɓa wa tsarin mulki ba ta aiki a inda ta saɓa. A kotu ya sunkuyar da kai, ba abin da ya ce sai "Allah ya gafarta malam". Da ya dawo gida, ko takalmi bai cire ba ya fara faɗa. Uwargida ta aje muciya ta ce, "Malam, ka gaya wa alƙali haka?" Ya ce, "Ke, ina ruwanki da maganar kotu?" Ɗansa ɗan sakandare ya ce, "Baba, ai akwai sashen da ya hana." Aka kore shi ɗebo ruwa. Maƙwabta suka cika zaure, kowa ya zama lauya, wanda bai taɓa taka kotu ba shi ya fi ɗaga murya, wani har yana cewa a daina zuwa zaman. Duk ihu bayan hari ne. Magatakarda ba ya rubuta abin da aka faɗa a zaure. A kotu za ka faɗa.

Wani zai ce ai raini ne a nemi alƙali ya tambayi na sama. Ina rainin yake, tunda tsarin mulki ne ya ɗora masa wannan aiki? Ka roƙa da ladabi, ka nemi a rubuta roƙonka. Wani zai ce ba kuɗin lauya. Akwai hukumar gwamnatin tarayya mai ba da lauya kyauta ga marasa hali, tun 1976 take, tana da ofishi a Kano. Mai cewa abin zai ja lokaci yana da gaskiya, shi ya sa ba a kan kowace gardamar iyakar gona ake yinsa ba, sai tambayar da ta taɓa tsarin mulki. Amma ko a nan kar ka yi shiru, ka roƙa, alƙali ya auna nauyinta. In an miƙa, tambayar ce kaɗai ta tafi, shari'arka tana nan a kotun farko. Ranar da aka sa maka, ka je.