Ɗakin Karatu Na Gari Da Tarurrukansa: Matsayin Musulmi



Ya ku ƴan uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa amsa ce ga wata tambaya da iyayen yara suke yawan kawowa, daga Illela da Badagishiri har zuwa Malbaza da Birnin Ƙonni. Tambayar ita ce: shin ya halatta Musulmi ya halarci tarurrukan da ake shiryawa a ɗakin karatu na gari, ko ya bar ɗansa ya je? Abin da muke nufi da ɗakin karatu shi ne wurin nan da hukuma take tanadar littattafai domin kowa ya shiga ya karanta ko ya ara, sau da yawa a cikin gidan matasa da al'adu. Irin wannan wuri ba ajiyar littattafai kaɗai yake yi ba. A cikinsa ake yin lacca, da gasar karatu ta ƴan lakkwal, da kacici-kacici, da daren tatsuniya, da majigi, da wasan kwaikwayo. Mafi shahara daga cikin irin waɗannan ɗakuna a ƙasashenmu su ne waɗanda ake kira CLAC, shirin da hukumar ƙasashe masu amfani da Faransanci ta soma a shekarar 1986 domin ƙananan garuruwa, Nijar kuma tana cikin ƙasashen da suka same shi. Tsarinsa shi ne gari ya ba da gini, hukumar ta kawo littattafai da kayan aiki, masu kula da wurin kuwa galibi malaman lakkwal ne.

Ba mu ganin laifin dattijon da ya yi ɗari-ɗari da wannan wuri. Mafi yawan littattafan da ke ciki da Faransanci aka rubuta su, kuma mutanen wannan yanki ba su fara sanin Faransa ta hanyar littafi ba. Sun san ta ne a shekarar 1899, lokacin da ayarin Bule da Shanuwan ya afka wa Birnin Ƙonni, ya kashe jama'a masu yawa, ya yi wa garin ɓarna. Lakkwal ta biyo bayan bindiga, don haka iyayenmu suka riƙa ɓoye ƴaƴansu a rumbu. Amma tsoro daban, hukunci daban. Shari'a ba ta haramta abu saboda ƙin wanda ya kawo shi.

Hukuncin

Ƙa'idar da malamai suka tafi a kai ita ce, asalin al'amuran duniya da mu'amaloli halacci ne, sai abin da dalili ya hana. Ɗakin karatu gini ne da littattafai da kujeru. Hukuncin taron da aka yi a cikinsa yana bin abin da taron ya ƙunsa. In an taru a kan alheri, zuwa alheri ne. In an taru a kan saɓo, zama a wurin haramun ne, ko da a zauren malam aka yi shi.

Sannan mu tuna ilimi ya kasu. Akwai wanda ya wajaba a kan kowane baligi, kamar sanin tauhidi da tsarki da salla da azumi, wannan ba a nemansa sai a gaban malami. Akwai kuma wanda in wasu sun ɗauka sun ɗauke wa sauran, in kowa ya bari duk gari ya yi laifi. Imamu Gazali a cikin Ihya'u ya sanya likitanci da lissafi cikin wannan kashi na biyu. To, idan ma'aikacin kiwon lafiya ya zo ɗakin karatu zai yi bayanin sanƙarau kafin shigowar bazara, ko malamin gona zai yi bayanin yadda ake adana albasa a rudu don kada ta ruɓe kafin ta yi kuɗi, manomin Galmi ko na Tsarnawa da ya je ya saurara bai ɓata lokacinsa ba. Asarar da ake yi ta albasa tsakanin cira da sayarwa kowa ya san ta, kuma tozarta dukiya abu ne da addini ya hana.

Ba kuwa Turawa ne suka fara haɗa littafi da taro a wuri guda ba. A Bagadaza, a zamanin Haruna Rashid da ɗansa Ma'amun, an yi Baitul Hikma, inda aka tara littattafai aka kuma fassara na wasu al'ummai zuwa Larabci. A Tumbutu, Shehu Ahmad Baba, wanda ya rasu a 1627, ya ambaci cewa littattafansa sun kai 1,600, kuma shi ne mai mafi ƙaranci a cikin danginsa. Mu dawo gida. Kakannin Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya yi masa rahama, a ƙasar Ƙonni suka zauna, shi kansa kuma a Maratta kusa da Galmi aka haife shi a 1754. Shehu bai tsare ilimi a zaure ba; ya yi yawon wa'azi a Kabi da Zamfara yana yi wa talakawa magana da harshen da suke ji, kuma a cikin Nurul Albabi ya zargi malaman da suke karantar da almajirai suna barin matansu da ƴaƴansu mata cikin jahilci. Ƴarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tsara ƴan taru, tana aika jajis ƙauyuka su karantar da mata. Yara nawa ne a Malbaza suka san cewa an haifi wannan bawan Allah a ƙasarsu? Yara nawa a Illela za su iya ba da labarin Agabba ɗan Sarkin Agadas, wanda sarautar Adar ta samo asali daga gare shi? Ga abin lacca a ƙofar gida, ba mai yi.

Wani zai ce: ai masallaci ya ishe mu. Masallaci shi ne uwa, ba mu musa ba. Amma masallaci yana da ladubban da suka sa wasu abubuwa ba su dace da shi ba. Ba a ciniki a cikinsa, ba a cigiya, ba a ɗaga murya da jayayya. Mace mai haila ba ta zama a ciki. Ƙananan yara masu wasa ana gudun su ɓata shi. Muhawarar ɗalibai, da bayanin farashin taki, da koyar da mata haɗa ruwan gishiri da sukari ga yaro mai gudawa, duk suna bukatar wani wuri. Ɗakin karatu yana iya zama wannan wurin.

Sharuɗɗan

Na farko, salla. Taron da zai cinye La'asar ko ya haɗiye Magariba ba mu yarda da shi ba. A nan gyaran mai sauƙi ne: a zauna da mai kula da ɗakin a tsara lokaci, in kuma an kira salla a dakata. Mafi yawansu Musulmi ne ƴan uwanmu, abin da ya hana su shi ne ba wanda ya taɓa zuwa ya yi musu magana.

Na biyu, a ware wa mata gefensu ko ranarsu, kuma a tashi da wuri. Uban da zai bar ƴarsa ta je, ya san wanda za ta je da shi da lokacin da za ta dawo.

Majigi da wasan kwaikwayo su ne inda aka fi samun matsala. Malamai sun saɓa a kan wasan kwaikwayo, waɗanda suka halatta shi kuma sun gindaya cewa kada a kwaikwayi Annabawa, kada a yi izgili da addini ko ma'abotansa, kada a nuna tsiraici. Fim ɗin da za a nuna wa yara, wajibi ne wani babba mai hankali ya gan shi tukuna. Mun sha jin iyaye suna kuka da abin da aka nuna a majigi sau ɗaya, alhali wayar da ke aljihun yaron tana nuna masa abin da ya fi haka muni kowane dare, ba mai tambaya.

Gasa kuwa, in kyautar daga hukuma ta fito ko daga wani mai hali da ba ya cikin masu takara, ba laifi. In kuwa masu takarar ne suka zuba kuɗi wanda ya ci ya kwashe, wannan caca ce, ko da tambayoyin na fiƙihu ne. Musabaƙar Alƙur'ani da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta soma a 1986 ta isa misali na yadda gasa take zaburar da yara ga hadda.

Abin da ya rage a kanmu

A watan Maris na 2025 Nijar ta sanar da ficewarta daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, kuma kundin da aka kafa a wannan wata ya sanya Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ma'anar wannan ga darasinmu a fili take. Uzurin cewa ɗakin karatu na masu jin Faransanci ne ya raunana, kuma bai kamata mu zauna jiran wani daga waje ya ciko mana kwali da littattafai ba. Kantar da muka bari wayam, wani ne zai cika ta da abin da ya ga dama.

Hanyar da shari'a ta buɗe mana ita ce wakafi, wanda malamanmu suke kira hubusi. A mazhabar Imamu Malik ya halatta a yi hubusin abin da ake ɗauka, kamar littafi, har ma ya halatta a yi shi na wani ƙayyadadden lokaci. Ɗan kasuwar da ke tsallakawa Illelar Nijeriya ko Sakkwato yana iya sayo Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, da fassarar Alƙur'ani ta Hausa, da littattafan tarihi, a rubuta a bangonsu cewa hubusi ne, ba a sayarwa ba a gado. A rubuta sunayensu a takarda biyu, ɗaya wajen mai kula da ɗakin, ɗaya wajen liman.

Littattafan malaman da suka rasu kuwa, hukuncinsu daban ne, domin sun zama dukiyar magada, ba mai ikon bayar da su sai da yardar dukkansu, kuma rabon maraya ba a kyauta da shi. Amma sau nawa aka buɗe gafakar malam bayan shekara biyar aka tarar gara ta riga magada? Rubutun hannu na da, na Larabci da na ajami, cibiyar bincike ta IRSH a Yamai tana da sashe na musamman domin adana irinsa, tushensa kuwa tarin da marigayi Bubu Hama ya yi. Ko magada ba su son rabuwa da na asali, ana iya ɗaukar hotonsa a ajiye kwafi inda ɗalibai za su gani.

Saura hukuncin aro, domin shi ne yake kashe ɗakunan karatu a hankali. Littafin da ka ara amana ne. A wurin malaman Malikiyya, wanda ya ari abin da ake iya ɓoyewa, kamar tufa ko littafi, in ya ce ya ɓace sai ya biya, sai fa in ya kawo shaidar cewa ya halaka ba da sakacinsa ba. Wanda ya yage shafi don ya huta da kwafa ya ɓata dukiyar jama'a. Wanda kuma littafin ɗakin karatu yake ɗakinsa tun yana lakkwal, yau ga shi da iyali, tsawon shekarun bai mayar da shi nasa ba. Ya mayar, in ya lalace ya sayi irinsa, in ba a samun irinsa ya biya ƙimarsa. Allah shi ne mafi sani.