Darasin Turanci Domin Manoma: Kalmar "Large"

'Yan'uwa membobin ƙungiyoyin gama kai na ƙasar Karaye da Rogo, yawancin takardun da ke zuwa hannunmu da Turanci aka rubuta su: fom na rance, takardar rabon taki, da rubutun da ke jikin kwalbar maganin dabbobi. Akwai wata kalma da ke yawan fitowa a cikinsu, wato "large". Ana faɗinta kamar "laj". Wanda ya taɓa zaman aji zai ce ma'anarta "babba". Gaskiya ne, amma da saura. Bari mu bi ta daki-daki.

1. Girman jiki

A Hausa "babba" tana ɗauke da abu uku: jiki, shekaru da daraja. Mukan ce babban buhu, babban wa, babban mutum. Turanci kuwa ya rarraba su. "Large" awo take yi kurum. In an ce "a large man", ƙaton mutum ake nufi, ko da bai mallaki akuya ɗaya ba. Mai daraja "great" ko "important" ake ce masa. "Larger" ita ce wanda ya fi wani girma, "largest" kuma wanda ya fi duka. Harafin L da muke gani a jikin safar hannu ko rigar feshi farkon wannan kalma ne. XL kuwa ta fi L girma.

2. Yawa

Inda mu za mu ce "da yawa", Turanci yakan sa "large". "A large quantity" kaya mai yawa ke nan, "a large number" kuma adadi mai yawa. Idan dila ya rubuta cewa zai yi rangwame ga mai sayen "large quantity", sai magatakarda ya tambaye shi: buhu nawa? Kalmar ba ta faɗin adadi, sai an rubuta shi da lamba.

3. Babban manomi a takarda

Nan ne ake yawan tuntuɓe. Fom yakan tambaya ko mutum "small-scale" ne, ko "medium-scale", ko "large-scale". A garuruwanmu wanda ya cika rumbu, ko Sarkin Noma da ya yi dami dubu, babban manomi ne, ba musu. Amma fom faɗin gona yake tambaya. Hekta 1 wajen eka 2 da rabi ce. Hukumomin aikin gona da yawa a duniya suna lissafa mai gonar da ba ta kai hekta 2 ba cikin ƙananan manoma. A ɗaya gefen kuma, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta yarda ƙaramar hukuma ta ba mutum har hekta 500 don noma, ko hekta 5,000 don kiwo, ba sai da yardar gwamna ba. Ku dubi tazarar da ke tsakani. Wanda ya zaɓi "large-scale" don jin kunyar a kira shi ƙarami, yana iya fitar da kansa daga taimakon da aka tanada domin irinsa. Kowane shiri da iyakarsa, saboda haka a tambayi malamin gona kafin a sa hannu.

Mu lura kuma: membobi 40 masu hekta 2 kowanne sun haɗa hekta 80. Kowannensu ƙaramin manomi ne a takarda, amma ƙungiyarsu tana iya sayen taki mai yawa a samu rangwame. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

4. Manyan dabbobi

Malaman dabbobi suna kiran shanu "large ruminants", tumaki da awaki kuma "small ruminants". Iri ake nufi. Ragon kiwo, ko ya kai ɗan maraƙi girma, yana cikin ƙananan dabbobi. Ƙwayar maganin tsutsa da aka yi domin sa ta fi ƙarfin akuya, tana iya yi mata lahani. Magani da nauyin dabba ake auna shi, kada a ɗura da ka.

5. Babbar madatsa

Injiniyoyi suna kiran madatsar ruwa "large dam" idan bangonta ya kai mita 15 a tsaye. Madatsar Challawa da ke ƙasar Karaye, wadda aka gama a 1992, bangonta mita 42 ne, saboda haka ta shiga wannan aji tun da nisa. A nan kalmar tana da awo tabbatacce.

6. Inda ba ta nufin girma

Idan takardar 'yan sanda ta ce ɓarayin shanu suna "at large", ba a kama su ba ke nan, suna nan sake, sai a ƙara tsaron garke. "The public at large" jama'a baki ɗaya. "By and large" da "largely" kuwa suna nufin galibi. In rahoto ya ce an biya rance "largely", akwai sauran bashi a kanmu.

Abin yi

Duk inda muka ga wannan kalma, mu dubi wadda ke bin ta, sa'an nan mu nemi lamba: hekta nawa, buhu nawa, kilo nawa. Matambayi ba ya ɓata.

Tambayoyi domin taron ƙungiya

1. Membobi nawa ne a cikinmu suka san faɗin gonarsu da hekta?
2. Wane ne ke karanta mana fom kafin mu dangwala hannu?
3. Kowa ya kawo kwalba ko takarda mai wannan kalma, mu fassara tare.