Darasi na 14: Lauyan Mai Kamfani

Jama'a, duk inda mutane suka taru wurin aiki ba a rasa saɓani. Harshe da haƙori ma su kan saɓa. Wani lebura ya ce an hana shi ladansa, wani ya ce an kore shi ba da laifin komai ba. In magana ta yi tsanani, mai kamfani ya kan ɗauki lauya ya tsaya masa. Yau za mu ga ko wane ne wannan lauya, da abin da ya ke yi.

Ba a zama lauya a dare ɗaya. A Nijeriya mutum ya kan yi shekara 5 a jami'a yana karatun doka. Daga nan ya tafi Makarantar Horar da Lauyoyi. An buɗe ta a Ikko cikin 1963, yanzu kuwa tana da reshe a Bagauda ta ƙasar Kano. In ya ci jarrabawa, sai ya sami iznin tsayawa gaban alƙali. Da fari ya kan zauna ƙarƙashin wani babban lauya, har hannunsa ya faɗa. Waɗansu sai su zaɓi shari'ar aiki, su riƙa tsaya wa masu kamfani.

Aikin irin wannan lauya kashi uku ne.

Na ɗaya, shi ke tsara takardar sharuɗɗan aiki. Dokar Ƙwadago ta ce tilas a ba ma'aikaci wannan takarda kafin ya wuce wata 3 da kama aiki. A ciki a kan rubuta irin aikinsa, da ladansa, da lokacin tashi, da hutu.

Na biyu, shi ke ba mai kamfani shawara. A ce wani lebura ya shekara 6 a injin casar shinkafa. Ran nan mai injin ya so ya sallame shi, ba kuwa don ya yi wani babban laifi ba. Lauyan kirki zai ce, "Ranka ya daɗe, ba a yi haka ba. Wanda ya shekara 5 ko fiye, sai a ba shi sanarwar wata guda a rubuce, ko a biya shi kuɗin watan." Wanda ya shekara 2 amma bai kai 5 ba, mako 2 ne nasa. Wanda ya wuce wata 3 bai kai shekara 2 ba, mako guda. Kun ga lauya ya raba mai gida da asara, lebura kuma ya sami hakkinsa.

Na uku, in sulhu ya gagara, shi ke zuwa kotu. Akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda aka kafa cikin 1976. Tana zama a Abuja da Kano da Kaduna da waɗansu garuruwa. A can lauya zai baje takardu gaban alƙali, ya yi wa shaidu tambayoyi.

To, ga abin da ya shafe mu. Lauyan nan ba alƙali ba ne, ba kuma namu ba ne. Mai kamfani ke biyansa, shi ya ke karewa. Makaminsa kuwa takarda. In mun dangwala hannu a kan abin da ba mu karanta ba, ran shari'a ita za a ɗauko a nuna mana. Saboda haka kada mu yi gaggawa. Mu karanta tukuna, ko mu kai wa wanda muka amince da shi. Mu adana takardar ɗaukarmu aiki da ta biyan albashi. In rigima ta taso, mu nemi shugabannin ƙungiyarmu ko ofishin ƙwadago, gama mu ma muna da ikon ɗaukar lauya.

Tambayoyi

1. Shekara nawa a ke karatun doka a jami'a?
2. Wanda ya shekara 3 yana aiki, sanarwar mako nawa za a ba shi?
3. Me ya kamata mu yi kafin mu sa hannu a takarda?