Musayar Sassan Mota Domin Ƙarin Gudu: Darasi Daga Fagen Tsere Zuwa Garejojin Dutsi da Daura

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci al'adar cire wani sashe daga jikin wata mota a ɗaura wa wata domin ƙara mata ƙarfi ko gudu. An kwatanta yadda ake yin haka a fagen tseren motoci da yadda kanikawan ƙasar Daura, musamman na ƙaramar hukumar Dutsi, suke yi a kan motocin haya. An dogara da sanannun alƙaluman kamfanonin ƙera motoci da tarihin tsere a Afirka, haɗi da lura da aikin gareji. Maƙalar ta nuna cewa musaya tana amfani ne idan an ɗauki mota a matsayin jiki guda, wato duk ƙarfin da aka ƙara wa inji sai an ƙara makamancinsa ga birki da taya da lagireto.

1.0 Gabatarwa

Kanikanci yana cikin sana'o'in da zamani ya kawo wa Bahaushe, ya kuma karɓe shi hannu bibbiyu kamar yadda ya riƙe ƙira da dukanci. Duk wanda ya bi hanyar Shargalle zuwa Dutsi, ko ya nufi Daura da Mai'aduwa ranar kasuwa, zai ga motoci ƙirar Golf da tsofaffin Peugeot ɗauke da kayan da suka zarce abin da aka ƙera su dominsa. Da yawa daga cikinsu sun daɗe da rabuwa da injinsu na asali. An sayo wani a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fantekar Kaduna, daga cikin kayan da aka fi sani da 'yan Beljiyam, an ɗaura. Direba yana neman motar da za ta ja kaya ta kuma yi sawu biyu kafin la'asar. Wannan buƙata ita ce dai ta ɗan tsere, sai dai shi ɗan tsere ransa kaɗai ya ɗauko, direban haya kuwa da rayukan fasinja yake tafe.

2.0 Musaya a Fagen Tsere

Motar da mutanen Arewa suka fi sani ita ce ta fi dacewa a fara misali da ita. An fito da Peugeot 504 a Faransa a 1968, kamfanin PAN na Kaduna kuma ya fara haɗa motocin Peugeot a 1975. A wannan shekara ta 1975 Ove Andersson, ɗan ƙasar Siwidin, ya lashe tseren Safari na Kenya da 504, Hannu Mikkola kuma ya lashe na Maroko da irinta. A 1978 Jean-Pierre Nicolas ya ci Safari da tseren Bandama na Kodebuwa da wata 504 mai ƙofa biyu, wadda ke ɗauke da inji mai silinda shida da kamfanonin Peugeot da Renault da Volvo suka haɗu suka ƙera. Ke nan injin da kansa ɗan musaya ne, domin yana cikin motocin kamfanoni uku.

Abin lura shi ne, masu shirya waɗannan motoci ba su tsaya ga inji ba. Sun ƙarfafa sifirin da shokazoba, sun rufe ƙasan inji da farantin ƙarfe saboda duwatsu, sun kafa kejin bututun ƙarfe a cikin mota domin kare direba idan ta kife. Hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ba ta barin kowa ya ɗaura abin da ya ga dama. A rukunin da ta kira A, wanda ya fara aiki a 1982, a farkonsa sai kamfani ya ƙera mota 5,000 iri ɗaya a shekara kafin a amince ta shiga tsere, kuma akwai takardar da ke fayyace sassan da aka yarda a sauya.

A yau kamfanoni suna gina motoci daban-daban a kan ginshiƙi ɗaya, abin da ya sauƙaƙa wa masu zuwa filin tsere musaya. Toyota 86 da Subaru BRZ, waɗanda suka fito a 2012, kusan tagwaye ne. Toyota Supra ta 2019 da BMW Z4 suna amfani da inji ɗaya. Audi TT ta 1998 kuwa a kan ginshiƙin Golf ta huɗu aka ɗora ta. Duk da haka, bayan wasu haɗurra da suka auku ana cikin matsanancin gudu, sai da kamfanin Audi ya kira motocin ya gyara ƙafafunsu, ya kuma ƙara musu fiffike a baya domin iska ta danne su a ƙasa. Idan injiniyoyin da suka ƙera sassan sun yi tuntuɓe wajen haɗa su, wanda ke aiki da sifana da guduma a gindin bishiya ya fi cancanta ya yi hattara.

3.0 Musaya a Garejojin Dutsi da Daura

Golf ta uku, wadda aka fara ƙerawa a 1991, ita ce jakar tashoshin mota a wannan yanki. Ta zo da injuna mabambanta. Akwai mai lita 1.8 da ke ba da ƙarfin doki 75 ko 90, akwai na GTI mai lita 2.0 da ke ba da 115 ko 150, sannan akwai VR6 mai lita 2.8 da ke ba da 174. Tun da jikinsu ɗaya ne, kanike yana iya zaunar da babban inji a mazaunin ƙarami ba tare da wahala mai yawa ba. Matsalar tana ɓoye a ƙafafu. Kamfanin ya bai wa VR6 faifan birkin gaba mai faɗin milimita 280 da gindin taya mai ƙusa biyar, ya bar ƙananan da ƙaramin faifai da ƙusa huɗu. Wanda ya sayi injin ya bar ƙafafun ya sayi ingarma ne ya ɗaura masa ragamar jaki.

Akwai wasu sauye-sauye uku da suka zama ruwan dare. Na farko, mayar da inji mai injekta zuwa kafireto, saboda kafireto ya fi sauƙin gyara a ƙauye. Wannan yana raba inji da ƙwaƙwalwar da ke auna masa mai da iska, sai ya ƙara shan mai. Na biyu, cire matosar da ke daidaita zafin ruwan inji, bisa zaton cewa don ƙasashen sanyi aka yi ta. Alhali ita ce ke sa inji ya kai zafin aikinsa da wuri, rashinta kuma yana hanzarta cinyewar silinda. Na uku, ƙara ganyen sifirin ko ɗaura mai tauri a baya domin ɗaukar buhuna. Mota takan daina durƙushewa, amma bayanta yakan riƙa tsalle a hanya mai gargada, tayoyi su rage kama ƙasa a kwana.

4.0 Ma'aunai Huɗu Kafin Musaya

Na ɗaya, birki. Ƙarfin da birki zai kashe yana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kan kansa. Idan mota ta tashi daga kilomita 100 a sa'a zuwa 140, gudun ya ƙaru da kashi 40 cikin ɗari, amma aikin birki ya kusa ninka biyu, haka ma tazarar tsayawa. Duk wannan ƙarfi zafi yake komawa a jikin faifai. Man birki mai lamba DOT 3 an ƙayyade kada ya tafasa ƙasa da digiri 205 yana sabo, DOT 4 kuwa 230. Idan man ya tsufa ya sha danshi, ma'aunin yakan sauko zuwa 140 da 155. Da zarar ya tafasa, direba zai taka birki ya ji ƙafarsa ta nutse ba tare da mota ta tsaya ba.

Na biyu, wili da taya. Ramukan ƙusa suna da awo. Ƙaramar Golf tana da huɗu a da'ira mai milimita 100, Peugeot 406 huɗu a 108, ita kuwa 504 huɗu a 140. Faɗaɗa rami da magagari domin wilin wata ya shiga wata yana sa ƙusa ta ɗauki nauyin da ba nata ba har ta karye. Taya ma tana da harafin iyakar gudu: T kilomita 190, H 210, V 240. Lambobi huɗu na ƙarshen jerin DOT da ke gefenta suna nuna mako da shekarar ƙira, kuma su ya kamata mai sayen tsohuwar taya ya fara dubawa.

Na uku, sanyaya inji. Babban inji yana fitar da zafi mai yawa, a ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40. Lagireto da fanka na ƙaramin inji ba za su wadatar ba.

Na huɗu, giya da kuloci. An auna kowannensu ne da ƙarfin juyin wani inji. Idan ƙarfin ya zarce awon, kuloci zai riƙa zamewa, haƙoran giya kuma su ci juna.

5.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa ɗan tsere da kaniken Dutsi sana'a ɗaya suke yi, abin da ya raba su shi ne awo da tsarin fifiko. Ɗan tsere yakan fara da taya da birki, inji ya zo daga ƙarshe. A garejojinmu kuwa da inji ake farawa, sau da yawa kuma a nan kuɗin mai mota ke ƙarewa. Bahaushe ya ce sauri ya haifi nawa, dokar hanya kuma ta tsayar da motar haya a kilomita 80 a sa'a a kan babbar hanya, don haka ribar babban inji ga direba tana wajen jan kaya ne kawai. Ana ba da shawarar ƙungiyoyin kanikawa da na direbobi a ƙasar Daura su mayar da shi ƙa'ida cewa duk wanda zai sauya inji a ba shi kuɗin aikin haɗe da na birki da lagireto, sannan a rubuta sauyin a takardar da za ta bi motar zuwa hannun wanda zai saye ta gaba. Haka kuma, makarantun fasaha na jihar Katsina su riƙa shirya wa yaran gareji gajerun darussa da Hausa a kan karanta lambobin taya da man birki da awon wili.