Tsohuwar Fijo 504 Ta Ƙi Tashi? Ga Inda Ake Fara Dubawa

A unguwannin cikin birnin Kano, irin su Yakasai da Mandawari, akan ga tsohuwar Fijo 504 da ta yi shekaru a lulluɓe da tamfol. Tun 1975 aka fara haɗa irinta a Kaduna, kuma mai kabureta ba ta da kwamfuta. Saboda haka na'urar OBD da ake haɗawa da wayar salula ba ta da wurin shiga a jikinta.

Kuskure mafi tsada shi ne gaggawar murza makulli, domin baƙin mai ya daɗe da tsiyayewa ƙasa, injin zai juya a bushe. A canza man, a kwance fulogi, a ɗiga mai kaɗan cikin kowace silinda, sannan a juya injin da sifana. In ya ƙi motsi, aikin ya koma na bakanike.

Cikakken batir yana nuna 12.6 a mita, ƙasa da 12 kuwa ya yi sanyi. Tsohon fetur shi ma kan zama danƙo ya toshe kabureta, sai an tsiyaye shi.

Salula tana da nata amfanin: fitilarta kan nuna wayoyin da ɓera ya ci, hoton da aka ɗauka kafin kwance kaya kuma shi ake nuna wa mai sayarwa a Ƙofar Ruwa.