Gyambon Kwanciya

Ka riƙe hannun tsohuwa ka dube shi da kyau. Fatar ba kauri, kamar ɓawon albasa, jijiyoyi duk a fili. Idan shekaru suka ja, kitsen da ke ƙarƙashin fata yakan ragu, maiƙonta ya ƙafe. Shi ya sa ko bakin gado ta ɗan goga sai ta saluɓe.

Haɗarin ya fi yawa ga wanda ciwo ya kwantar har ba ya iya juyawa da kansa, kamar mai shanyewar ɓarin jiki ko wanda ya karye a ƙugu. Nauyin jikinsa yana danne fata tsakanin ƙashi da shimfiɗa, jini ya kasa wucewa. Inda jini bai kai ba kuwa, nama mutuwa yake yi. Wannan shi ne gyambon kwanciya, kuma cikin 'yan awoyi yake somawa. Ya fi fitowa a ƙashin tsatso, da kwatangwalo, da diddige, da kafaɗa, da ƙeya.

Lokacin da muke jinyar kakata, kunu ba ya yanke mata, turare ba ya yanke wa ɗakin. Amma kunya ta hana mu duba bayanta. Ranar da wata ma'aikaciyar jinya ta ɗaga zanen, muka tarar da rauni kamar faɗin bakin ludayi. Ta ce, "Ku juya Iya, ko tana barci." Kunyar da ta hana mu dubawa cutarwa ce. Mace ta duba mace, namiji ya duba namiji, kullum.

A jikin mai farar fata wurin da gyambon zai fito yakan yi ja. A baƙar fata ja ba ya nunawa sosai, sai dai wurin ya fi kewayensa duhu, ko ya yi tauri, ko ɗumi. Saboda haka a sa hannu a taɓa, ido kaɗai bai isa ba.

A juya majinyaci duk bayan awa 2: dama, rigingine, hagu. Kada a ce sai lokacin salla, domin tsakanin Asuba da Azahar akwai nisa. Da dare a saita ƙararrawar waya, a raba kwana. Mutum biyu su kama zanen shimfiɗa su ɗaga shi, kada a ja shi, ja yana yaga fata. A sa filo ƙarƙashin sha-raɓa yadda diddige ba zai taɓa katifa ba, a sa wani tsakanin gwiwoyi.

In ya yi fitsari a sauya zane nan take. A wanke da ruwan ɗumi, a daddanna da tsumma mai laushi har ya bushe, ban da dirzawa. Man kaɗanya yana taimakon busasshiyar fata, musamman da hunturu, amma kada a murza wurin da ya riga ya sauya launi. A ba majinyacin wake, ƙwai, kifi ko nono, da ruwa isasshe.

Idan fata ta fashe, kada a zuba toka, ko garin magani, ko man birki. A rufe da bandeji mai tsabta a nemi ma'aikacin lafiya. In akwai wari, ko mugunya, ko zazzaɓi, ko majinyacin mai ciwon suga ne, a kai shi asibiti ran nan.

In kana da majinyaci a gida, yau kafin ka kwanta ka haska fitila ka duba diddigensa da bayansa.